Katako Tamanin da Shida da Allin da Na Wanke

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Alhamdu lillahi. Likita ya ce mijina Rifat ya tsallake. A tsaye ya faɗa mana a bakin ƙofa, hannunsa cikin aljihu, kamar mai sanar da isowar jirgin ruwa. Sevil ta fashe da kuka, ni kuwa sai na ji wata irin yunwa ta taso mini, wadda rabona da ita tun ranar Litinin. Na sauka ƙasa na sayi burodin riɗi biyu na cinye a kan benci, ko gutsure ban rage wa 'yar tawa ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Litinin ba. Na gani da idona, ya ishe ni. Abin da zan rubuta shi ne yana numfashi da kansa, ya gane ni, ya matse mini yatsu da hannun hagu. Na daman yana ajiye a kan bargo kamar ba nasa ba. Magana kuma, likita ya ce a yi haƙuri.

Shekara arba'in da ɗaya ina roƙon mutumin nan ya yi shiru in saurari rediyo. Yau na zauna gefensa awa biyu ina roƙon Allah ya sa ya katse ni.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na dawo gida in yi wanka in ɗebi kaya. Sai da na shigo lungu na tuna yadda muka bar gidan.

Bangon kudu a tsiraice yake. Mijina ya yi shekara hamsin yana gyara katakon gidajen mutane a unguwarmu ta Kuzgunjuk, nasa kuwa sai da ya ajiye aiki ya tuna da shi. Cikin mako biyu ya ɓanɓare katakon bangon ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarƙashin rufi har ƙasa, wai zai duba ginshiƙan ciki, ya gyara, ya mayar kafin sanyi. Yanzu ginshiƙan ne tsaye kamar haƙarƙari, da shuɗin tamfol a kansu yana kaɗawa. Bayan tamfol ɗin nan ɗakin kwananmu yake. In ka sa hannu a jikin bangon daga ciki sai ka ji iska tana lasar tafinka.

Katakon yana jibge ƙarƙashin ɓaure. Gudumarsa tana nan cikin ciyawa. Na ɗauke ta na sa a aljihun tebur, ban tsaya kallon wurin ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Awa biyu kawai suke barin mu gan shi a rana. Sauran awoyin ban san inda zan sa kaina ba. Na wanke labule, na wanke tukwanen da suke a wanke, daga baya idona ya faɗa kan katakon nan. Baƙi ƙirin, ga hayaƙin shekaru, ga yanar gizo, ga kashin tsuntsayen teku. Na ce to, ko ba komai in ya dawo ya tarar an rage masa aiki.

Na dafa ruwa, na kaɗa sabulu a bokiti, na ɗauko buroshin goge dakali. Ciki da baya nake wankewa, don ni ban iya rabin wanki ba. Na gama talatin. Bayana kamar zai ɓalle, amma zuciyata ta yi sanyi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, gab da magariba

Na gama duka. Tamanin da shida ne, na ƙirga. Ashe katakon ja ne kamar zuma, ni duk zamana a gidan nan baƙi na san shi. A bayan kowanne akwai wani ɗan farin zane-zane, shi ma na goge shi tas. Na jera su a jikin shinge, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda, gwanin sha'awa.

Yau ya haɗiye miya cokali bakwai. Nas ta ce abin murna ne, ni ma na yi murnar.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An mai da shi sashen masu koyon tafiya. Likita ya ce in komai ya tafi daidai za a sallame shi ranar Juma'a, takwas ga watan gobe. Amma ya ja mana kunne: ban da sanyi, ban da danshi, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba.

A jirgin ruwa muna dawowa Sevil ta juyo ta dube ni. Na san wannan kallon, na ubanta ne.

"Mama, in ranar ta zo bangon nan yana buɗe, gidana zan tafi da Baba. Ba shawara nake nema ba."

"Hawa na goma sha ɗaya? Mutumin da in bai taka ƙasa da safe ba sai ya wuni yana faɗa da kujeru?"

"Gara ya yi faɗa da kujeru yana raye."

Gaskiya ta faɗa. Amma ni na sani, ita ma ta sani, in ya hau benen nan ba zai ƙara saukowa ya zauna a nan ba. A ɗakin kwananmu aka haife shi. Mijin Sevil, Tunjay, likitan haƙori ne mai kirki, ya ce akwai masu rufe bango da farantan roba cikin kwana biyu. Na ce masa in Rifat ya sauko daga mota ya ga roba a jikin gidan kakansa, sai dai motar ta juya da shi asibiti.

Kwana ashirin da biyar ke nan gabana.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je wurin Garbis Usta, usta kuwa laƙabin gwanin kafinta ne a nan. Tare suka koyi aiki da Rifat tun suna yara, gun maigida ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga-maciji. Dalilin ba na littafin nan ba ne.

Na same shi a ƙofar gidansa bayan coci, ya miƙe ƙafa a kan kujera, gwiwoyi a kumbure. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Na ji. Ya yake?"

"Da sauƙi. Bai magana."

"Kai! Ashe duniya za ta huta."

Ya faɗi haka, sannan ya juya fuska ya daɗe yana fyace hanci. Da ya juyo sai ya ce, "Gobe da safe, Nermin Hanim. Ki dafa shayi mai kauri. Ba don shi zan zo ba, don gidan ne."

Na dawo ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ya zo da sanda. Ya tsaya gaban shingen ya dubi katakon, na gyara tsayuwa ina jiran yabo. Ya ɗaga ɗaya ya juya bayansa. Ya ɗaga na biyu. Ya ɗaga na uku.

"Wa ya wanke su?"

"Ni ce. Kwana biyu na yi."

"Ina lambobin?"

"Waɗanne lambobi?"

Ya nemi kututture ya zauna. A hankali ya yi mini bayani, kamar mai magana da majinyaci. Gidan nan ya haura shekara ɗari, ya karkata, ya zauna yadda ya ga dama. Kowane katako ya lanƙwashe daidai da wurinsa, ba ya shiga gurbin ɗan'uwansa. Shi ya sa kafinta in zai cire sai ya rubuta wa kowanne lamba a baya da alli: layi na nawa, na nawa daga hagu. Farin zane-zanen nan da na goge tas, shi ne.

"Kuma ba a yi wa tsohon katako wanka, Hanim. Ba jariri ba ne. Busasshen buroshi ake sa masa. Yanzu ya sha ruwa ya ƙoshi, kin kuma shanya shi a rana zai murɗe."

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara arba'in ina kwana da kafinta, ban taɓa juya katako na ga abin da ke bayansa ba. Aikinsa nasa, keken ɗinkina nawa, haka muka zauna lafiya.

Muka kwashe su zuwa inuwa, muka jera a kwance da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Ya ce da na ƙara kwana biyu da sun lalace. Ba su lalace ba. Wannan na riƙe.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Ban faɗa masa ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe uku

Mun gwada. Tunjay ya zo da sababbin safar hannu, ya ɗaga katako, Garbis yana kan kujera yana ba da umarni da sanda. Mun ɗauki wanda muke zaton na ƙasa ne, ya ƙi zama. Wani ya zauna a hagu ya buɗe baki a dama, har yatsa biyu suna shiga. Awa huɗu, ko ɗaya ba mu kafa ba.

Garbis ya ce, "Hanya ɗaya ce. A sa zarto, a datse kowanne a tilasta masa. Za a yi asarar kamar kashi ɗaya cikin uku, a cike da sabo."

Na ce a ba ni lokaci. Kakan Rifat ne ya fere katakon nan da hannunsa. Na riga na wanke, ban so kuma a ce ni na sa aka yanka.

"Lokacin naki ne," in ji shi, "ruwan sama kuma ba naki ba ne."

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Yau ya tsaya da ƙafarsa, mutum biyu suna riƙe da shi. Ya yi taku huɗu. Na tafa kamar wata yarinya, ya harare ni da ido ɗaya. Wallahi na yi kewar hararar nan.

Da aka mai da shi gado sai ya kama zana layi-layi a kan zanin gado da yatsan hagu, yana dubana. Na gane sarai abin da yake tambaya. Na ce, "Suna nan lafiya, a inuwa." Ba ƙarya na yi ba. Na tashi na gyara masa matashi wanda ba ya bukatar gyara.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Ba a yi ruwa ba. Ban faɗa masa ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa masa.

Ban shirya ba. Ina ɓare masa lemo, ya sake zana layukan nan, sai kawai na ji bakina yana magana. Na ce na wanke su da sabulu ciki da baya, na goge allin, na hautsina jerin, na kuma kira Garbis. Duka a numfashi ɗaya, idona a kan lemon.

Sai na ji gadon yana girgiza. Gabana ya faɗi, na miƙe zan kira nas, ashe dariya yake. Rabin fuska yana dariya, hawaye yana bin ɗaya rabin, wani sauti yana fita kamar tsohuwar ƙofa. Na ce, "Yi dariyarka, ai ka samu abin ba'a har ƙarshen rayuwa." Na zauna na taya shi, ina yi ina share hanci. Rabon da in ji nauyin ƙirjina ya sauka haka tun kafin ranar Litinin ɗin nan.

Da ya lafa sai ya nuna jakata. Na ba shi biro da bayan takardar magani. Da hannun hagu, da ƙyar, ya ja dogon layi. A kan layin ya ɗiga ɗigo shida, wani kusa da wani, wani can nesa. Ya ja layi na biyu ya ɗiga wasu, ba daidai da na farko ba. Ya buga takardar da yatsa, ya nuna ƙofa.

"In kai wa Garbis?"

Ya ɓata fuska kamar ya sha magani, sannan ya gyaɗa kai.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Garbis ya sa tabarau ya juya takardar sama da ƙasa. Ya ce rubutun Rifat da ma can ba ya karantuwa. Sai ya ƙura wa ɗigon ido. Ya tashi ba sanda, ya ɗage tamfol ya kafa hanci a jikin ginshiƙi.

"Tsohon banza! Ramin ƙusa!"

Ya kira ni na duba. Kakan Rifat da ido ya kafa ginshiƙan nan, ba da ma'auni ba, babu tazara biyu da suka zo ɗaya. Ƙusoshin ma haka ya buga su, wata sama, wata ƙasa, wata a karkace. Kowane katako yana da ramukansa, kuma ramukan nan suna nan a jikin ginshiƙai suna jira. In ramukan katako suka hau kan na ginshiƙi daidai, to nan ne gidansa.

"Ni ma da na tuna," in ji Garbis, "in da an ba ni kwana biyu."

"Kwana takwas aka ba ka, Usta."

Ya yi kamar bai ji ba. Damuwarsa ita ce wa zai yi ta ɗaga katako tamanin da shida yana gwadawa a gurbi tamanin da shida. Ya ce ko jikokinmu ba za su gama ba.

Nan ne na ce ya matsa. Shekara talatin ina yanka wa matan unguwar Uskudar riguna, ban taɓa ɗora mace a kan tebur don in auna yadi ba. Takarda ake kai wa jiki, sannan a kai takardar kan yadi.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na fito da ragowar takardar yankan riga daga ƙarƙashin gado, na yanka ta dogaye. In manna ɗaya a jikin ginshiƙai, in bi da allurar saƙa ina huda duk inda na ji rami, in sauko da ita in bi katako ɗaya bayan ɗaya ina ɗorawa.

Na farko ya ci mini awa ɗaya da rabi. A katako na talatin da wani abu, na ɗora takardar, sai na ga haske ya ratso ramuka shida gaba ɗaya. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Muka ɗaga shi ni da Garbis, muka kai shi wurin, ya shige ya zauna shiru kamar ƙafa a tsohon takalmi.

Garbis ya miƙo mini alli. "Rubuta masa lamba. Kuma in na ƙara ganin bokiti a lambun nan, 'yan sanda zan kira."

Mun samu biyar yau.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Sha tara. Abin yana ƙara sauri, don duk wanda aka samu, tulin yana raguwa. Na fara gane su da ido ma. Na ƙasa sun fi cin ruwa, na ƙarƙashin rufi launinsu bai koɗe ba.

Tunjay ne yake hawa sama da takarda. Tsoron tsayi yake, ya hau yana salati, ya sauko yana salati, amma bai ce a'a ba ko sau ɗaya. Garbis yana ƙasa yana masa tsiya: "Likita, rami ne fa kamar na haƙori, sai dai wannan ba ya cizo!" Na yi wa yaron nan rashin adalci shekara goma sha biyar, ina ganin hannunsa ya cika laushi. Na soya masa kifi.

Sevil ta zo ta tsaya daga nesa, hannu a harɗe. Ta gyara wa ubanta ɗaki a gidanta, har ta sayi gado mai ƙarfe a gefe. Tunjay ne ya faɗa mini, a ɓoye.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Iskar kudu ta taso tun jiya da yamma, an dakatar da jiragen ruwa, ban samu zuwa asibiti ba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye na fita da fargaba. Kusurwa ɗaya ta tamfol ta ɓalle, ginshiƙi biyu sun jiƙe, shi ke nan. Katakon da ke ƙasa na lulluɓe su da labulen banɗaki da ledar tebur, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Takarduna uku sun narke. Zan sake. Na zauna a bakin ƙofa da shayi ina kallon ruwa yana zuba daga ɓaure, ina ta godiya ga Allah ban san adadi ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Arba'in da huɗu a jikin bango. Tara daga cikin sauran bakinsu ya ruɓe, in ka danna da farce sai ya nutse. Garbis ya yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai a karkace, ya haɗa da sabon guntu, ya manne, ya ɗaure. In ba an nuna maka ba, ba za ka ga haɗin ba. Gindin ginshiƙi ɗaya ma ya canja shi. Duk abin nan a zaune yake yi, an ɗora masa katako a kan kujeru biyu.

Tsofaffin ƙusoshin Rifat ya tara su a gwangwanin zaitun. Aikina da yamma shi ne in miƙar da su a kan dutse, in jiƙa su a mai. Kowace ta koma tsohon raminta, sai dai inda ramin ya yi faɗi, nan Garbis yake cusa ɗan tsinke tukuna.

Na ce masa, "Ba za ka je ka gan shi ba?"

"In je in ce me? Shi ba ya magana, ni ba na ba da haƙuri."

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Sittin da ɗaya. Hannuna duk sartse. Ya yi taku ashirin da sanda.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Saura kwana huɗu, saura katako goma sha uku, kuma biyu sun ƙi samun gurbi. Gajeru ne, na gefen taga, ramukansu biyu-biyu kacal, duk sun yi kama. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan gajiya. Garbis ya bar ni na gama, sannan ya ce in juya takardar. A baibai nake ɗora ta tun safe.

Ya ce kada in damu, shi ma ya taɓa kafa ƙofa a kife, kuma Rifat bai bar shi ya manta ba har shekara ashirin. Karo na farko ke nan da ya ambaci sunansa ba tare da zagi ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Mun shafa mai. Na farko ya shanye nan take, katakon kamar mai ƙishi. Gobe a ƙara. Duk lungun yana ƙamshin man katako, wanda shekara arba'in nake mita a kansa in na ji shi a rigunan Rifat.

Saura guda ɗaya, na ƙasa kusa da ƙofar lambu, daidai ƙugu. Tunjay ya ɗauko guduma, Garbis ya tare shi da sanda.

"Bar shi. Mai gida ne yake rufe bangonsa. Haka maigidanmu ya koya mana, ko gidan wa muka yi wa aiki, ƙusar ƙarshe tasa ce."

Na ce, "Usta, ka san fa hannun."

"Yana da biyu."

Muka toshe gurbin da tsumma da guntun tamfol kafin ranar.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Sevil ta zo dubawa. Ta shiga ɗakin kwana ta rufe ƙofa, ta kunna kyandir ta bi jikin bangon da shi daga kusurwa zuwa kusurwa, sama da ƙasa. Ina tsaye a bayanta ban ko numfasa da ƙarfi ba. Harshen wutar bai motsa ba. Ta shafa bangon, ta shinshina, ta duba bayan kabad.

"Akwai guda ɗaya a waje da ba a kafa ba," in ji ta.

"Na ubanki ne."

Ta hure kyandir ɗin. Ta daɗe tana kallon gadon. Sannan ta ce, "Zan aiko da gadon nan mai ƙarfe. Kuma murhu ba zai mutu ba dare da rana, Mama, zan riƙa zuwa ba sanarwa."

Na ce ta zo duk lokacin da ta so. Da ta fita na zauna a gefen gado, ban tashi ba har aka kira magariba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

Ya dawo.

Mota ba ta shiga lungunmu, daga bakin titi ya tako, Tunjay a dama, sanda a hagu. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Bai nufi ƙofar gida ba, lambu ya nufa. Ya tsaya gaban bangon ya fara daga sama yana saukowa da ido, layi bayan layi, kamar mai karanta wasiƙa. Ya matsa ya shafa haɗin da Garbis ya yi, ya daɗe yatsansa a wurin.

Garbis yana kan kujerarsa ƙarƙashin ɓaure, ya ci ado har da hula, yana kallon wani wuri daban.

"In akwai gyara ka faɗa," in ji shi. "Au, na manta."

Sevil ta zaro ido. Rifat kuwa gefen bakinsa ya ɗaga. Ya jingina sandar a bango ya miƙa hannun hagu, Garbis ya tashi da gwiwoyin nan nasa ya sa masa guduma a ciki. Hannuwansu sun ɗan daɗe a haɗe fiye da yadda miƙa guduma yake bukata.

Tunjay ya cire tsumman ya ɗora katakon, ya zauna daram. Saura mai riƙe ƙusa. Duk suka tsaya kallon juna, kowa yana tuna cewa mutumin nan bai taɓa bugu da hagu ba. Na ture su na durƙusa, na sa ƙusar a raminta na riƙe.

Bugun farko ya sami katako. Na biyu ya sami ƙusa. Na uku ya sauka a kan babban yatsana, da duk ƙarfin da ya rage masa.

Na ga taurari da rana tsaka. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ji an ce, "Nermin!" Da kauri ya fito, a karkace, amma sunana ne, kuma daga bakinsa. Na ɗago na dube shi, fuskarsa duk tsoro, yana kallon yatsan.

Na mai da hannuna kan ƙusar na ce, "Saura biyar, Usta. Buga."

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Farcen ya yi baƙi, Garbis ya ce zai fita. Da ƙyar nake riƙe biro.

An kwana ana ruwa. Rifat yana barci har yanzu, kansa a jikin bangon kudu, yana minshari. Na sa hannu na taɓa bangon, a bushe yake. Bari in ɗora shayi kafin ya farka.